Marin da ke Ƙarƙashin Gamba

Gab da magariba Tahiru ya saɓa hauya ya nufi gonarsa a bayan Gidan Sori. Gambar iyaka za shi tugewa. Shekara uku suna rigima da maƙwabcinsa Hayatu kan wani ɗan tsirin ƙasa, kuma a ranar, gaban mai gari, ya faɗi abin da ba a faɗi.

"Kakana Magaji shi ya kamo kakanninka a yaƙin kudu. Da igiya a wuya suka shigo ƙasar ga. Yaushe bawa ya yi gona?"

Hayatu ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Tahi ka tuge gambar. Mu mun san abin da ya hana mu noma wurin."

A gonar, hatsi ya fi mutum tsawo, iska ko kaɗan babu. Tahiru ya sare gindin gamba na fari, ya sare na biyu. A na uku hauya ta yi ƙara. Ya sa hannu ya jawo wani ƙarfe mai tsatsa. Mari ne, irin na ƙafar bayi. Da ɗumi, kamar yanzu aka cire shi daga jikin mutum.

Gyare ya yi tsit.

Sai wari: gumi, ruɓaɓɓen miki, hayaƙin ƙonannen gari.

Kacau. Kacau.

Karan hatsi ya dare biyu. Suka fito a jere, maza da mata, igiya ɗaya a wuyansu, ƙafafunsu ba sa barin sawu. A tsakiyar jerin akwai zarge guda, ba kowa ciki.

Tsohuwar da ke gaba ta shinshina iska.

"Jinin Magaji," ta ce cikin raɗa. "Nan ya yashe mu da muka kasa tahiya."

"Inna, ba ni ne ba..."

"Mu ma ba mu muka yi yaƙin ba."

Marin ya damƙe idon sawunsa.

Zargen ya matso.

Tahiru ya ɗaga hauya ya sari ƙarfen, ya sara har da namansa. Da rarrafe ya fita hanya, inda Sha'ibu mai amalanke ya tsince shi cikin jini, bakinsa cike da ƙasa.

Hayatu bai zo dubiya ba. Tsirin ƙasar kuwa ba wanda ya ƙara taɓa shi.

Ƙafar ta warke, likita a Maraɗi ya ce ƙashi lafiya lau. Amma har yau, in Tahiru ya ɗaga ƙafa, taƙin hannu ɗaya take kaiwa, sai wani abu ya fizgo ta.