Jitar Ƙarfe ta Gidan Su Badaru

Ranar kasuwar Tofa Barira ta fara ganin Badaru, a shekarar da kwanon masara ya gagari talaka. Yana tsaye gaban sikelin Basiru ɗan gwangwan, rungume da wata tsohuwar jita mai jikin ƙarfe, a cikinta akwai faifai mai huji-huji kamar marfin tukunya.

"Kilo huɗu," in ji Basiru, yana taɓe baki. "Kaskon suya ma ya fi ta daraja."

Basiru ya daɗe yana neman Barira, ita kuwa ko sallamarsa ba ta son ji. Ta ce, "Kai ko uwar wani aka kawo maka, sikeli za ka ɗora ta. Malam, ɗauke kayanka, kar ka sayar sai ka san mene ne."

Badaru ya ɗauke jitar, ya kuma roƙi lambarta.

Bayan mako guda saƙonsa ya shigo: "Barirata, na ga lamba a wuyan jitar, na tura hotonta wa masu tara tsofaffin kayan kiɗa a intanet. Sun ce ta haura shekara tamanin, kuɗinta zai sayi shanun noma. Amma abin da na tsinta a kasuwar nan ya fi ta tsada."

Ta mayar: "Daɗin baki, Badarun jita. Binciko yadda ta zo gidanku tukuna."

Kafin ya binciko, Basiru ya kai tsegumi wurin mahaifinta, Malam Sama'ilu, cewa kakan Badaru maroƙi ne.

"Jikan maroƙi?" Malam ya yi tsaki. "Wanda gadonsa abin kiɗa ne? 'Yata ba za ta haifa mini masu bin gidajen biki ba!"

Barira ta rubuta: "Me ya sa ka ɓoye mini asalinka?"

"Wallahi, masoyiya, kakana ko tafi bai iya ba."

Kwana uku ba ta amsa ba. Badaru ya kwance faifan jitar, ya tarar da wata takarda da ajami manne a ciki. Ya kai jitar zauren Malam Sama'ilu don ya nuna asalinta ba ta kakansa ba ce, ya durƙusa, ya karanta: "Mallakar Muhammadu Sani na Shanono."

Inna Safara'u, mahaifiyar Malam, ta ji daga tsakar gida. Ta dogaro sandarta.

"Mijina ne wannan. Ubanka, Sama'ilu. Daga soja ya dawo da jitar nan, yana kaɗawa a gidajen biki. Shekarar fari, kana kwance ciki a kumbure, ya kai wa kakan yaron nan, shi ya ba mu buhun gero uku. Mutumin bai san kiɗa ba, tausayi ne kawai. Da geron na dama maka kunu. Yanzu ka cika gemu, kana yi wa jikansa tsaki? To wane ne ɗan maroƙin?"

Malam ya ce wa Badaru ya turo magabatansa.

Da kaka aka ɗaura aure. Bayan an shafa fatiha, Malam Sama'ilu ya shiga da ango cikin gida, ya dafa kansa a gaban Barira.

"Na ci geron gidanku, na zagi gidan. Ka yafe mini, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Inna Safara'u ta shafa, ta ce, "Amin, ɗan makaɗi."