Tsohuwar Waya a Cikin Silin

Da hantsi aka kawo rahoto caji ofis: wutar lantarki ta kashe wata tela a banɗakin tsohon gidansu. Da Sufeto ya isa gidan, ya tarar an lulluɓe gawar da zane. Tafin hannunta na dama ya ƙone, daidai inda ta kama kan famfo.

Mahaifiyarta na zaune a ƙofar ɗaki, idanunta a bushe.

"Mai gyaran wuta ne ya kashe min Auta," in ji Inna. "Ka kamo min shi, ɗana."

Babban ɗanta, wanda ke da kemis a bakin titi, ya gyaɗa kai. "Ni na kira shi, yallaɓai. Ya ce ya canza wayoyin gidan nan kaf."

Sufeto ya kwance makunnin banɗaki. Sabuwar farar waya ce kuwa. Ya ja ta a hankali, kamu ɗaya ta fito ta cije.

Aka kawo mai gyaran wuta, ko takalmi bai samu ya sa ba.

"Kai ka yi aikin gidan nan?"

"Na zo dai, yallaɓai, ban yi ba. Na ce sai an fasa silin an cire tsohuwar waya. Mai kemis ya ce in maƙala sabuwa a baki-baki kawai. Na ɗauki jakata na tafi."

"Ƙarya yake!" in ji mai kemis. "Duk halinsu ɗaya."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya sa tsani, ya shiga cikin silin da tocila.

A can ya gan ta, kwance bisa katako: tsohuwar waya mai rigar ƙarfe a murɗe, duk ta yi tsatsa. Ya buɗe bakinta. Wayoyi biyu ne a ciki, naɗe da ƙyalle, babu ta ukun da ke kai wuta ƙasa. Da ya taɓa ƙyallen sai ya zube kamar toka. Rigar ƙarfen kuma tana jingine da bututun ruwa.

Ya bi ta har inda aka haɗa ta da sabuwar. Ya daɗe yana kallon wurin kafin ya yanko shi ya sauko.

"Da me kake naɗe haɗi?" ya tambayi mai gyaran wuta.

"Baƙin tef, yallaɓai."

Sufeto ya ajiye guntun a gaban mai kemis. An naɗe shi tsaf da filastar ɗaure ciwo.

"Hannunka ya iya ɗauri, malam. Sai dai waya ba ƙafar mara lafiya ba ce."



"Mai sayen gida zai zo dubawa," in ji mai kemis. "Na so ya ga sabuwa. Tun muna yara wayar nan take, ba ta taɓa yi wa kowa komai ba. Da na ja ta ne... Inna, wallahi ban san ta taɓa bututu ba."

Inna ba ta dube shi ba. Sai da wani kofur ya sa masa ankwa suka nufi ƙofa, sannan ta riƙe hannun rigar Sufeto.

"Su biyu Allah ya ba ni," ta ce. "Ɗaya za a kai makwanci anjima. Wannan kuma ni da bakina na ce ka kama shi."

Sufeto ya zare hannunta a hankali, ya bi bayansu.