Dattin da Kawu Tanimu Ya Goge

Ku matso kusa. Ladidi, kife wayar nan, haskenta ya yi yawa. Kowa ya yi bismilla a zuciyarsa, don waɗanda zan ambata ba sa son a ɗaga murya a kansu.

Kun san Kawu Tanimu. Kun san yadda yake kanne idon hagu in zai kalli mutum, har wasunku na kwaikwayonsa in ya ba da baya. To, ba haka aka haife shi ba.

A lokacin yana da shago a Funtuwa, layin masu tura finafinai a waya, bayan tasha. Shi ba turi kaɗai yake yi ba. Fassara yake yi, ya ɗora muryar Hausa a kan finafinan Koriya. Kuma ba na samarin nan masu gyaran gashi ba. Tsofaffi, baƙi da fari, irin waɗanda kamfanonin can suke wankewa su sake fitarwa a faifai, tas, kamar jiya aka ɗauka. Yakan sa a kawo masa faifan, ya zauna yana kallo yana girgiza kai. Abin yana burge shi, yana kuma ci masa rai. Da me suka fi shi? Kwamfuta ce, shi ma yana da ita.

Kawu mutum ne mai zargi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihunsa. Wanda ya fi zargi kuwa Sallau ne, mai shagon da ke kallon nasa, don sau biyu fassarar Kawu tana bayyana a wayoyin mutane kafin ya sake ta. Bai taɓa kama Sallau da komai ba. Amma ya ajiye shi a rai.

Wata damina aka rushe wani tsohon shagon hayar kaset, Kawu ya sayi kwali guda na tarkace. A ƙasan kwalin ya tsinci kaset mai rubutun Koriya, fumfuna ta cinye rabin takardar. Labarin wata mata ce da mijinta ya tafi yaƙi, ta gaji kwalekwalensa tana fito, tana duba fuskar duk wanda ta tsallakar. Ya bincika iya bincikensa. Babu wanda ya taɓa gyara fim ɗin, ko a can. Hoton duk ya lalace, zane-zane na sauka kamar ruwan sama, ɗigo-ɗigo na tsalle. Ya juye shi a kwamfuta, ya duƙufa gogewa, hoto bayan hoto, wata huɗu cur.

Tabo ɗaya ne ya gagare shi. Yana gefen hagu, ƙarƙashin wata bishiya a bakin kogin. Sauran dattin yawo yake yi. Wannan a tsaye yake. Duk sanda aka nuno bakin kogin, yana nan, wuri ɗaya.

Sati uku ya yi a kansa. Ran da ya ɗaye, sai ga mace.

Tana zaune a kan dutse, kanta a buɗe, tana tsefe gashi. Gashin ya sauka har cikin ruwa. Ba ta cikin labarin. A cikin 'yan wasan babu wanda ya ko waiwaye ta. Kogin yana gudu, amma daidai inda ƙafafunta suke, ruwan bai motsa ba.

Mai hankali zai tsorata. Kawu murna ya yi. Ya gano abin da masu fim ɗin kansu ba su gani ba. Ya ce jajibirin Sallah zai sake shi, kuma ko matarsa Hansatu bai gaya wa zancen matar ba.

Ranar wata Juma'a ce, rana tsaka. An yi ruwa da safe, layin duk taɓo. Kowa ya rufe ya tafi masallaci. Kawu ya ce bari ya ƙarasa ɗan abin da ya rage, in an yi kira na biyu sai ya ruga. Layin ya yi tsit. Ko janareto ɗaya ba ya ƙara.

"Salamu alaikum."

Dattijo ne a bakin ƙofa, da farar riga da ta sha wanki. Kawu ya amsa. Sai da bakin mutumin ya rufe sannan muryar ta iso. Wannan kuwa aikin Kawu ne. Kullum abin da yake gyarawa ke nan, in murya ta makara ya janyo ta ta dace da leɓe. Ya ce wa kansa gajiya ce.

"Baba, turi ne? Wane iri?"

"Ba turi ba. A kan aikin da kake yi na zo."

Kawu ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. "Wane aiki?"

"Matar bakin kogi. Ka mayar mata da abin da ka cire."

"Wa ya gaya maka?"

"Mahaifiyata ce. Tsifa take yi. Ba ta san da mutane a wurin ba."

Kawu ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Mahaifiyarka, Baba? A Koriya?"

"Nisa ku yake damu, ɗana."

Leɓen ya tsaya. Muryar ta biyo baya, a hankali.

"Mu muka rufe ta da wannan tabon. Shekara da shekaru tana cikin sutura. Kai ka zo ka yaye. Yanzu kana so ka zuba ta a wayar kowa, samari su zauna a majalisa suna kallonta."

Nan zargin Kawu ya motsa. Wa zai so fim ɗin nan ya lalace ana saura sati biyu Sallah? Mutum ɗaya ne.

"Sallau ne ya turo ka?"

"Ban san shi ba."

"To ka koma ka ce masa bai iya ba. Ko ɗigo ɗaya ba zan mayar ba."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Dattin da ka cire ba ɓacewa yake yi ba," in ji shi. "Wurin zama yake nema. Zan dawo Juma'a."

Ya juya ya fita. Kawu ya leƙa. Layin wayam, babu kowa. Taɓon ƙofar shagon sumul, babu sawu ko ɗaya. Kun san abin da ya ce? Ya ce ta gefen kwata mutumin ya bi, kan siminti.

Ran Asabar ya ga wani siririn zane yana saukowa a gabansa. Ya goge tabarau, zanen yana nan. Ya cire tabarau, yana nan. Ran Lahadi ɗigo-ɗigo suka fara tsalle a kan tuwonsa. Ran Litinin ya dubi Hansatu ya ce, "Yaushe kika sayi atamfa ruwan toka?"

Ta dubi jikinta. "Malam, ja ce fa. Kai ka saya mini."

Ya ɗaga kai ya dubi lemon tsakar gidansu. Ganyen ya koma toka-toka. Duniya gaba ɗaya ta zama baƙi da fari, tana rawa, ruwan zane yana zuba a kanta.

Ya je asibitin ido. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce idon lafiya lau yake. Kawu ya fito yana zargin likitan. Ya zargi mai shayin bakin layi, ya ce Sallau ya ba shi wani abu ya zuba masa. Ya daina cin komai a kasuwa. Abin bai fasa ƙaruwa ba.

Ran Alhamis 'yarsa Uwani ta rugo ta rungume ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauke ta. Ya ga kitsonta, ya ga kunnuwanta. Inda fuskarta take, tabo ne, irin na ƙarƙashin bishiyar nan. Wallahi ranar Kawu ya yi kuka. Ya gaya wa Hansatu komai.

Ta ce, "Malam, ka mayar wa mutane kayansu. Fim ne fa. Ido aka ce maka ana sayarwa?"

Juma'a tun hantsi yana shago. Ya zauna yana jin layin yana watsewa, ƙofa bayan ƙofa. Amma kafin nan ya yi wani abu. Ya kwafe gyararren fim ɗin a 'yar ƙaramar memori, ya soke ta a naɗin hularsa. Ku ji lissafinsa. Ya ce in fa magani aka zuba masa, mai sakin mutum da kansa bayan sati guda? Ya goge aikin wata huɗu, ido ya warke, Sallau ya yi ta dariya. A'a. Zai ajiye guda, ya ga yadda za ta kaya.

"Salamu alaikum."

Bai ji takunsa ba. Abin mamaki, duk duniya ta dushe masa, amma dattijon fes yake ganinsa.

"Baba, na yarda."

"To bismilla."

Da lalube ya yi aikin, hancinsa kamar zai taɓa kwamfutar. Ya goge gyararren fim ɗin da ke cikinta gaba ɗaya. Zanen da ke zuba a gabansa ya tsagaita. Ya jona akwatin ajiyar finafinansa da kwamfutar, ya goge na ciki. Ɗigo-ɗigon suka kwanta. Ya ɗauko faifan gwaji guda biyu ya karya su a gwiwa. Sai ga koren fentin ƙofar Sallau yana dawowa kaɗan-kaɗan. Tsohon kaset ɗin kawai ya rage, da tabonsa yadda yake.

"Wannan ka riƙe," in ji dattijon. "A rufe take a ciki. Saura?"

"Babu saura, Baba."

Dattijon ya dubi hular. Bai ɗauke ido ba.

"Saura?"

Kawu yana jin memorin a goshinsa kamar garwashi. Amma zuciyarsa tana ce masa, ka gani? Ido ya riga ya fara washewa. Daure.

"Babu."

Karo na uku, muryar ce ta riga leɓen. Bakin mutumin a rufe yake lokacin da Kawu ya ji ta, dab da kunnensa.

"Ɗana. Saura?"

"Na ce babu."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya gyara rigarsa.

"Shi ke nan. Ka riƙe guda, mun riƙe guda."

Ya fita.

Kawu ya sauke ajiyar zuciya. Ya dubi kwalin waya ja a kan kanta, ga shi ja. Sai dai wani abu bai daidaita ba. Ya sa hannu ya rufe idon hagu. Duniya tas, da launinta. Ya rufe na dama.

Baƙi da fari. Ruwan zane yana zuba.

Ya fizge hular, ya zaro memorin, ya tauna ta da haƙori har ta dagargaje. Ya fita a guje cikin taɓo, babu takalmi, yana kiran, "Baba! Baba, na fasa ta! Ka dawo ka gani!" Mutane suna dawowa daga masallaci suka same shi a bakin tasha yana juyi, bakinsa yana jini. Kun san wanda ya riƙe shi, ya goya shi a babur har gida? Sallau. Bawan Allah bai ma san akwai wani kaset ba.

Juma'a bakwai Kawu yana zama shi kaɗai a layin nan, rana tsaka, ƙofa a buɗe. Babu wanda ya sake yi masa sallama. Daga baya ya sayar da kwamfutar ya koma sayar da yadi, yana auna launi da ido ɗaya. Uwani ta girma, an yi bikinta bara. Kun gan shi ranar, ya dafe rabin fuska da tafin hannu yana kallon lallenta.

Amma kada ku ce idon ya mutu. Yana gani. Abin da yake gani ne ya sa yake kanne shi.

Kun taɓa lura in ya shigo gidan nan sallama biyu yake yi? Ɗaya a zaure. Ɗaya in ya zo daidai rijiya, kuma sai ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri. Ina ƙarama na taɓa tambayarsa wa yake gaisarwa. Ya kama hannuna ya janye ni. Ya ce, "Daina kallon wajen. Tsifa ake yi."

Ladidi, bar waiwaye.

Don haka in kuna kallon tsohon fim kuka ga tabon da ba ya motsi, ku bar shi yadda kuka gan shi. In layi ya watse rana tsaka, ku watse tare da mutane. Kuma daga yau kada wanda ya sake zuwa rijiyar nan shi kaɗai. In ta kama dole, ku yi sallama, ku dubi guga kawai.