Bido na Uku a Ɗakin Lailatu

Ran Lahadi ce, kasuwar Filinge ta cika ta batse. Sufeto Sadiƙ yana bakin komisariya, ofishin 'yan sanda, yana raba wasu dillalan awaki da suka shaƙe juna, sai aka kira shi a waya: gobara a gidan Malam Hamidu, kuma akwai gawa.

Ko da ya isa, maƙwabta sun riga sun kashe wutar da ƙasa. Ɗaki ɗaya ne ya ci, amma ya ci ƙurmus, har azarori sun rufto. Daga ciki aka fito da gawar Inna Hauwa, matar Malam, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara. Surukarta Lailatu ce ta ɗauko ta zuwa ɗakinta take jinyarta. Ita Lailatu an wuce da ita asibiti, hannuwa biyu a ƙone.

Kafin sufeto ya buɗe baki, mutanen gidan sun gama shari'a. Lailatu ce, in ji kowa. Ita ce mai kaskon turaren wuta, kullum tana turara ɗakin saboda warin jinya, ga tabarma kusa, ga labule. Mijinta Aliyu yana birnin Kwatano wajen bida, neman kuɗi, kuma tuni ya bugo waya ya ce kada ya dawo ya iske ta a gidan. Ƙanwarsa ta ɗauke jaririn Lailatu, ta rantse ba za ta mayar wa wadda ta kashe musu uwa ba.

Malam Hamidu na zaune a zaure, ya dunƙule cikin rawani. Duk unguwar an san shi a kan zancen wuta. Shi ne ya miƙe a masallaci bayan wata gobara da aka yi a garin Tabla, ya ce duk magidancin da ya kwana da fetur a gidansa ya ji tsoron Allah. Ɗansa Faruk ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur, amma ko kwalba ɗaya bai isa ya shigo da ita ba.

"Malam, kana ina wutar ta tashi?"

"Ina garka wajen ban ruwa, ɗana. Ban san komi ba."

Sufeto ya yi masa ta'aziyya, ya sa ɗan sanda a ƙofar ɗakin Lailatu a asibiti. Shi ma, gaskiya, ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga kangon ɗakin don ya cika aiki. Kaskon yana can kusa da gado. Amma bangon da ya fi baƙi na wajen ƙofa ne, daga ƙasa har sama. A bayan ƙofar ya tarar da narkakkiyar roba mai ruwan ɗorawa, gindin bido biyu, irin jarkar nan da kowane gida ke ɗiban ruwa da ita. Na ukun yana tsakar ɗaki, a kife. Ya ɗebi ƙasar wurin ya shinshina, ya yi tsaki. Turaren wuta ba ya warin tashar mota.

Washegari ya tafi asibiti. Lailatu yarinya ce siririya, an naɗe mata hannuwa har gwiwa, girarta ta babbake. Ta ce garwashi ne ya faɗo ya kama gefen tabarma, wuta 'yar kaɗan, ta ɗauko bido ta kwara.

"Sai mi ya faru?"

"Sai ɗakin duk ya tashi. Na ja Inna, na ja, ban iya ba."

"Bido nawa gare ki?"

"Biyu."

"Uku na gani. Wa ya kawo na ukun?"

Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ya canza salo, ya lallaba, shiru. Ransa ya ɓaci, ya daka mata tsawa har mai jinyar gadon kusa ta miƙe. Ya ce in ba ta yi magana ba, takardarta za ta wuce gaban alƙali, kisa ne ta hanyar sakaci, kuma ɗanta zai yi wayo ba tare da ita ba.

Hawaye ya zubo mata, ba hannun sharewa. "Ku rubuta ni ce," ta ce.

Ya fito yana huci. Wanda ke da babur a gidan dai ɗaya ne, don haka ya sa aka kawo masa Faruk komisariya. Da farko Faruk ya rantse bai san wani bido ba. Da sufeto ya ce fetur ne a ciki, sai fuskar yaron ta canza kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Can ya ce nasa ne.

"Ina ka aje shi?"

"Ƙarƙashin gado."

"Wane launi?"

"Baƙi... ko shuɗi. Na manta."

"Kai, tashi ka ba ni wuri. Ƙarya ma ba ka iya ba."

Sufeto ya zauna yana juya abin. Faruk ƙanin miji ne, abokin wasan Lailatu, a kan ɗan naman miya ma sai ta kai ƙararsa. Da shi ne, da tun a gadon asibiti ta kira sunansa. To wane ne mace za ta gwammace kurkuku da ta nuna shi da baki? Wane ne kuma ɗa zai ɗauki laifinsa bai ko san launin abin ba? Da amsar ta zo masa, sai da ya dafe kai. Shi ma fa ɗan nan ƙasar Kurfai ne, ya san kunyar suruki. Matarsa har yau ba ta taɓa haɗa ido da mahaifinsa ba. Kunya ta kama shi, ya tuna tsawar da ya yi wa yarinyar.

Ya hau babur ya nufi garka, lambun rani da ke bayan gari. Watan nan fetur ya yi wuya, injinan ban ruwa duk sun yi tsit, masu lambu sun koma guga. Amma fangalin albasar Malam Hamidu jiƙe suke sharkaf, tankin injinsa a cike. Maƙwabcin lambun ya ce ai Malam ya yi dabara, ya sayi mai tun kafin ya ɓace. Sai dai ɓarayi sun fasa masa bukka kwanan baya, shi ya sa ran Asabar ya ɗora sauran bidon a amalanke ya yi gida da shi.

Sufeto ya koma asibiti. Wannan karon a ƙasa ya tsuguna, ya rage murya.

"Ƙanwata, ki yafe mini ta ɗazu. Ba zan sa ki kira kowa ba. In tsohon gidan ya shigo gaida mara lafiya, mi kike yi?"

"Ina juya fuska ga bango."

"Ran Asabar ya shigo?"

Ta gyaɗa kai kaɗan.

"Kin ji an aje wani abu bayan ƙofa?"

"Na ɗauka ruwan garka ne ya kawo ma Inna. Tana son shi."

Daga nan bai ƙara tambayarta komai ba. Likita ya sallame ta da yamma, sufeto da kansa ya mai da ita gidan. Ba wanda ya amsa sallamarta. Aka nuna mata wani ɗan ɗaki kusa da turken awaki.

Ran sadakar uku ƙofar gidan ta cika da masu gaisuwa. Sufeto ya jira aka shafa, sannan ya roƙi Malam su keɓe a zaure. Ya ajiye narkakken gindin bidon a gabansa.

"Malam, na je garka."

Tsohon ya kalli robar, carbinsa ya tsaya.

"Ɗanka ya ce nashi ne. Surukarka ta ce a rubuta ita ce. Kowa na son shi ɗauke maka. Kai fa?"

Sai Malam Hamidu ya fashe da kuka, kukan tsoho mara sauti, mai wuyar kallo. Ya ce kwana ɗaya kawai ya yi niyya. A ɗakinsa baƙi na shiga, a zaure Faruk zai gani, shi da ya hana yaron kwalba ɗaya. Ya rasa inda zai ɓoye sai ɗakin da ya san ba za a ɗago kai a dube shi ba. Ya jera shi cikin na ruwa don kada ya fita daban. Ya so ya ce mata kada ta taɓa, amma tunda aka kawo ta gidan bai taɓa yi mata doguwar magana ba, sai ya fita.

"Da aka ce ita ce fa?"

"Na ji. Ina zaune nan anka zage ta, anka ɗauke mata ɗa. Na buɗe baki ya fi a ƙirga. Sai in tuna abin da na faɗi a masallaci."

Haushi da tausayi suka cakuɗe wa sufeto. Ya ce masa da fetur ɗin yana waje, nesa da ɗakin kwana, da alama a jikinsa, da tabarma ɗaya aka yi asara. Ya ce in aka kawo mota bayan gida, za a iya fita da shi ta ƙofar awaki ba wanda ya gani.

Malam ya girgiza kai. Ya miƙe, ya fita gaban jama'a, ya tsaya riƙe da bango.

"Jama'a, ku daina zagin ɗiyar mutane. Ni na aje mai a ɗakinta, cikin bidon ruwa, ban faɗa mata ba. Ta zo kashe wuta ta cece matata. Ni na kashe Hauwa."

Liman ya sunkuyar da kai. Waɗanda suka fi kowa baki ran Lahadi suka shiga neman takalmansu.

Tsohon ya juya cikin gida, sufeto na biye da shi. Ya karɓi jaririn daga hannun 'yarsa, ba ta yi musu ba. Ya taka har ƙofar ɗan ɗakin, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa cikin kashin awaki, da furfurarsa da komai.

"Lailatu," ya ce. Wannan ne karo na farko da aka ji sunan a bakinsa. "Ga ɗanki. Ki gafarta mini."

Ta miƙo hannuwa, sai ta tuna ba za su iya riƙo ba. Shi ya ɗora mata yaron a cinya, ya gyara masa kai.

"Baba, don Allah ku tashi," ta ce. "Mutane na kallo."

"Su kalla," in ji shi.

Sufeto ya bar ankwa a aljihu. Ya kama hannun tsohon ya tashe shi, suka fita ta ƙofar gaba, suka ratsa tsakiyar masu zaman makoki har bakin mota.