Gado Mai Gefe Uku

"Da idona na gan shi, Ummuhani! Ba labari aka ba ni ba!"

Inna Hajo ta saki labule a bayanta, ta tsaya a kan 'yarta tana haki. Ummuhani ta ɗago da ƙyar, hannu ɗaya a tsohon cikinta, ruwan wanka bai gama bushewa a wuyanta ba.

"Inna, me kika gani?"

"Mijinki! Kina can kina wanka ya lallaɓo ɗakin nan da karan dawa a hannu. Ya durƙusa gaban gadonki, ya tsayar da karan daga ƙasa zuwa katifa, ya karya. Ya kwantar da wani a gefe, ya karya. Ya cusa a aljihu ya fita yana waige-waige kamar ɓarawon kaza."

"Kara?..."

"Kara! Ke faɗa mini, tun da na haife ki, wa kika taɓa gani an auna da kara in ba gawa ba?"

Ummuhani ta juya ta dubi gadon.

Dama Inna Hajo ba ta taɓa sakin jiki da Awalu ba. Su gidan fataken goro ne, kaka da kakanni a Djougou. Shi kuwa ɗan mahauta ne daga unguwar Kpébié ta Parakou, mai sayen shanu a hannun Fulani yana sayar da nama. Ummuhani ce ta kafe sai shi, a shekarar da Faransawa suka sauke tutarsu, har iyaye suka haƙura. Kuma a yi gaskiya, Awalu bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Sai dai akwai abin da ya shiga tsakaninsu, wanda babu mai ambatonsa. Ɗansu na fari, Usuman, a wannan gadon ƙarfen ya rasu, tana jego. Ta kwanta da shi a gefenta yana shan nono, barci ya sace ta, ta farka ta tarar ya yi sanyi. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Babu wanda ya ce ta danne shi, amma babu wanda ya dube ta ya ce ba ta danne shi ba. Awalu ya zo, ya karɓi gaisuwa, ya mayar da ita Parakou, bai taɓa tayar da zancen ba. Ɗan fari ne, ko yana raye kunya ba za ta bari su kira sunansa ba, balle ya mutu.

Yanzu ga wani cikin, Inna ta sa an dawo da ita gida saboda ramar da ta yi. Ga kuma zancen kara.

Da Awalu ya gama sallama da surukinsa a zaure, ya zo bakin ƙofa ya tsuguna.

"Ummu, motar kamiyo za ta tashi. Ki ci abinci don Allah, ki riƙa barci."

Ba fuskarsa take kallo ba. Ga bakin kara nan ya leƙo daga aljihun rigarsa.

"Maigida, mene ne wannan a aljihunka?"

Ya yi sauri ya dafe wurin.

"Ba komai... kara ne kawai."

"Babu kara a Parakou ne, sai an ɗauko daga Djougou?"

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya sosa ƙeya.

"Za ki gani in lokaci ya yi, in Allah ya yarda."

Ya tafi. Za ki gani! Wannan maganar ta tsaya mata a rai. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa. Wurin wane malami za a kai awon gadonta? Ko uwarsa ce ta aiko shi? Matar nan tun rasuwar yaron ba ta ƙara kiranta "'yata" da irin muryar da ba, ko kuwa kunnen Ummuhani ne ya canza? Ta tsani kanta da take zarginsa, amma zargin ya ƙi fita.

Inna kuwa ba ta tsaya wata-wata ba. Ta sa aka karɓo rubutu, ta turare ɗakin, ta sa aka ɗaga katifa aka duba ko an binne wani abu.

Ba a samu komai ba, hakan ma bai kwantar mata da hankali ba.

Allah ya sauke Ummuhani lafiya wata safiya, 'ya mace, ja-jawur, mai gashi kwance. Gida ya kaure da guɗa. Aka ɗora tukunyar wankan jego, aka dama kunun kanwa, aka shimfiɗa jaririya a gefen uwarta kamar yadda aka saba, da 'yar wuƙa ƙarƙashin matashi saboda iskokai.

Daga ranar Ummuhani ta daina barci.

Ba rashin lafiya ba ne, alkawari ta yi wa kanta. Sai ta jingina da bango, ta ɗora yarinyar a cinya, ta ɓare goro. Gidan goro ne, ga huhu nan jibge a ɗakin ajiya, wa zai lura an taɓa? In kanta ya fara rinjaya sai ta mintsini cinyarta, ta ƙara wani ɓari. Haƙoranta suka yi ja, idanunta suka faɗa, hannunta ya fara rawa in ta ɗauki kofi. Nono ma ya soma ja da baya.

"Ke wace irin mai jego ce da goro?" in ji Inna. "Kwanta mana!"

"Na yi barci ɗazu, Inna."

Ƙarya take yi, kuma duk su biyun sun sani.

Ana gobe suna, da hantsi, sai ga hayaniyar yara a ƙofar gida. Awalu ya iso. Ya zo da rago, da ƙafafun sa na ƙauri, da turamen atamfa. Bayansa kuma wani ƙato ɗauke da wani abu a ka, an lulluɓe da buhu. Aka sauke a tsakar gida, mata masu aikin suna suka bar daka suka zagaye.

Awalu ya yaye buhun.

Ɗan gado ne na katako, an goge shi sumul, da sanduna a jere, da 'yar katifa, da sanda a sama ta rataya gidan sauro.

"Berso ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Irin na gidan Baturen likitan da nake kai wa nama. Jariri ke kwana a ciki."

"Shi kaɗai?" wata tsohuwa ta tambaya.

"La ilaha!" Inna Hajo ta tafa hannu. "Keji! Jikata ce za a sa a keji kamar 'yar tsako? Mu da muka haihu muka goya, a jikinmu 'ya'ya suka kwana!"

"Kuma kafintan bai gama ba," in ji wata tana leƙawa. "Gefe uku ya yi, ɗaya a buɗe."

Aka kwashe da dariya. Ummuhani tana tsaye a bayan labule da yarinyar a ƙirji, ita ba ta yi dariya ba. Ashe ba asiri ba ne. Da ma asirin ne, da ya fi mata sauƙi! Shekara biyu yana shiru, yana kawo mata tsire a takarda, yana kiranta hasken idonsa, ashe a ransa ya yanke hukunci. Yau ya kawo hukuncin a kan ɗan dako, a gaban matan unguwa: kada a bar wannan ta kwana kusa da uwarta.

Da aka shigo da gadon ɗaki, Awalu ya biyo baya da sallama, fuskarsa cike da murna, yana miƙa wuya ya ga 'yar. Ummuhani ta juya masa baya.

"Ummu... sannu da arziki. Ba za ki nuna mini ita ba?"

"Fitar da shi."

"Me?"

"Na ce ka fitar da abin nan! Wa ya aiko ka? Inna ta Kpébié ce ta ce a raba ni da 'yata?"

"Wallahi ba ta ma san an yi shi ba."

"To kai ne ke nan." Muryarta ta karye. "Ka faɗa mana! Ka buɗe baki ka faɗa sau ɗaya, na huta! Ka ce ni na kashe shi!"

A waje ma daka ya tsaya.

Awalu ya durƙusa a kan tabarma, ya cire hularsa.

"Usuman," ya ce.

Ta zabura. Tun ranar sunan yaron ba ta taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

"Usuman ɗana ne, ina kukansa har yau, a mahauta nake yi inda ba mai gani. Ban san abin da ya ɗauke shi ba, Ummu. Ke ma ba ki sani ba. Likitan nan na tambaye shi, ya ce ko a ƙasarsu jariri kan kwanta lafiya ya ƙi tashi, su ma ba su san dalili ba. Ban taɓa zarginki ba, ko na ƙiftawar ido."

"To gadon fa? Karan fa?"

"Kin san me kike yi a Parakou in kina barci?"

Ta girgiza kai.

"Firgigit kike tashi kina laluben ƙarƙashinki, kina ɗaga zane, kina cewa 'ina yake?' Ni kuwa sai in rufe ido in yi kamar ban ji ba, don kada ki ji kunya. Da cikin nan ya fito, na ji ki a kan sallaya kina cewa in Allah ya sake ba ki, ba za ki runtsa ba." Ya dubi bakinta, ya dubi ɓawon goro a gefen gado. "Ga shi kuwa kin cika alkawari. Dubi yadda kika koma, masoyiyata..."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ta yaya? Abin da bai zo duniya ba, a yi masa gado a fili? Ke kin san ba a yi. Kuma in tsaya a gidan surukai in ce ina auna wa ɗana wurin kwana? Kunya ta kashe ni. Ban ga igiya ba, na ga kara a jingine, na ɗauka. Sai a cikin kamiyo na tuna abin da ake aunawa da shi, na yi ta salati har Parakou."

Wata dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka.

Ya tashi ya ja ɗan gadon, ya juya gefen da ke buɗe, ya tura shi jikin nata. Katifa ta haɗu da katifa daidai wa daida, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba. Ya zaro igiya ya ɗaure ƙafafun da na gadon ƙarfen, irin ɗaurin da yake wa bijimi.

"Na Bature gefe huɗu ne, a wani ɗaki ma suke ajiye shi. Na ce wa kafinta ni uku nake so. Ya ce ba a yi, na ce a kaina za a fara. Duba, hannunki zai kai gare ta, numfashinta a kunnenki. Amma jikinki ba zai shiga ba, ya yi miki kaɗan. Ko juyi nawa kika yi, tana wurinta."

Ummuhani ta kalli gadon. Ta sa gwiwa a kan katifarta, ta gwada da kafaɗa. Sandunan suka tare ta. Ta sake gwadawa, da ƙarfi wannan karon.

"Ba zan iya shiga ba..." ta ce a hankali.

"Ba za ki iya ba."

Ta miƙa masa yarinyar. Ya karɓa a hankali kamar ƙwai, mutumin da ke kayar da sa shi kaɗai! Ya yi mata addu'a a kunne, ya sunkuya zai kwantar da ita.

"Tsaya!"

Inna Hajo ce a bakin ƙofa. Allah kaɗai ya san tun yaushe take laɓe a wurin, amma bakin mayafinta a jiƙe yake. Awalu ya sunkuyar da kai. Ta wuce shi ba ta dube shi ba, ta zaro 'yar wuƙar nan daga ƙarƙashin matashin Ummuhani, ta ɗaga ƙaramar katifar ta tura ta can ƙasa, ta daddanna.

"Haka kawai za a kwantar mini da jika, ba wuƙa? Ku mutanen Parakou ba ku san komai ba." Ta gyara murya. "Kwantar da ita, ɗana."

Ya kwantar da ita. Yarinyar ta yi miƙa, ta tsotsi leɓe, ta lafe.

Ummuhani ta kishingiɗa, wai don ta ga yadda abin yake. Ta zura hannu ta ɗora yatsu biyu a kan ɗan cikin da ke hawa yana sauka.

"Maigida..."

"Na'am, Ummu."

"Ka yafe mini. Na zarge ka da..."

Ba ta ƙarasa ba. Ɗayan hannun ya saki, ɓarin goron da ke ciki ya gangaro ƙasa ya tsaya a gaban Awalu.

Rana tsaka, gida cike da 'yan aikin suna, Inna Hajo ta fito ta ja ƙofar a hankali. Matan sun ɗaga taɓare za su ci gaba da daka, ta ɗaga musu hannu.

"Ku kai turmin nan waje," ta ce ƙasa-ƙasa. "'Yata na barci."