Kakar da Lemeki Ya Ciyar

Duk mai ce min Lemeki abin tausayi ne, ya bar min ƙofar gida. Ni na auri ƙanwarsa Dokasi, kuma ni na haƙa kaburburan.

Ya yi ta neman kujerar majalisar lardi a garin Gizo da ke bakin teku yana shan ƙasa. Rannan da tsakar rana ya tuƙa kwalekwale zuwa tsibirin da danginsu ke ajiye ƙoƙunan kan kakanni, wurin tsoho Koba mai tsaronsu. Abin da ya faru can daga bakinsa muka ji, bayan kansa ya juye.

Tarin duwatsun teku ne baƙi ƙirin, ƙoƙunan jere a kai, kowanne da zoben kwanso a ramin ido. Ko tsuntsu ba ya sauka a wurin. Koba ya tauna bilnat, goronmu na tsibirai, ya tofa jan yawu a goshin ƙoƙon kakarsu ta farko, ya kara kunne.

"Ta ce za ka hau. Amma za ta ci."

"Alade nawa, Baba?"

"Kai yaro, ta yi maka kama da mai cin alade? Jininta take so."

Lemeki ya miƙe. "'Ya'yana? To a bar kujerar."

"Zauna, sarkin gaggawa. Ina ruwanta da 'ya'yanka? Su na dangin matarka ne. Tsatson uwa take bi, yadda gadon ƙasa ke bi."

Ya ce nan ya yi ajiyar zuciya. 'Ya'yan ƙanwarsa ya tuna, 'ya'yana, ya ga abin da sauƙi.

Ya ci zaɓe, aka ba shi ministan gandun daji. Jiragen dakon katako suka cika gaɓarmu, ruwan ya koma ja, shi kuma ya tayar da bene a babban birni Honiara. Babban ɗana Ovini ya nutse a ruwan da bai kai masa ƙugu ba. 'Yata Zelma ta kwanta da ciwon kai, ba ta tashi ba. Autarmu ta bi ta. Kowace jana'iza sai ga Lemeki da buhunan shinkafa, har da hawaye. Dokasi ta koma shimfiɗa wa yaran tabarma tana kiransu cin abinci, har ita ma muka binne ta.

Lemeki ya koma tsibirin da kwat ɗinsa.

"Baba, ai sun ƙare. Ta ƙoshi ko?"

Koba ya dube shi. "Kai wa ta haife ka? Ba jininta ba ce?"

A zauren majalisa abin ya same shi. Yana cikin jawabi ya dafe kai, ya ce ana taunarsa daga ciki. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma danginta, benen ya zama na masu katako. Yanzu yana bakin kasuwar Gizo, kansa naɗe da tsumma, yana roƙon masu wucewa su riƙe masa kan.

Ku masu kwaɗayin kujera, ku je ku gan shi kafin ku sa farashi a kan ɗan wani. Ni kullum ina wucewa ta gabansa da kifina, ban taɓa miƙa masa hannu ba.