Jakar Manaja

Aike ne kawai ya fitar da ni ranar. Rana ta yi ja, ana ta rufe shaguna, matata ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina.

"Baban Manaja, je ka shago ka ɗauko mini ƙyallen nan."

Ban tambaye ta wanne ba.

Ni tela ne, kuma duk layinmu an san ni da tsokana. Ni na taɓa ɗinke wa Dogo mai gyaran rediyo ƙafar wando guda, ya yi ta tsalle a shagona kamar gurgun zakara. Ni nake ɗaura baƙin zare a labulen mutane in ja daga nesa, in ce aljanu ne. 'Yata ma ban ƙyale ta ba. Shekararta tara, ita kaɗai Allah ya ba mu. Manaja nake ce mata, don in ta taso daga makaranta sai ta haye teburin yanka ta yi ta ba ni umarni.

Jaka ta ce in ɗinka mata. Ƙarama, mai hannu biyu, da tsuntsu a gaba, kuma dole mai shafi a ciki, irin ta manya. Da kanta ta kawo rigarta mai ɗigo-ɗigon rawaya da ta yi mata kaɗan, ta ce da ita za a yi shafin. Karon farko na ba ta jaka na ɗinke bakin ruf. Na biyu na ba ta marar gindi, ta jefa fensir ya faɗo mata a ƙafa. Ta yi dariya, daga nan kuma ta ɓare baki.

Na ce, "Haba Manaja, yi haƙuri. Gobe za ki ga ta gaske."

Kuma da gaske nake. Na yanka yadin, na yanka rigar, na ɗame gaban jakar a zoben keken surfani, na fara tsuntsun. Fiffike ɗaya na yi aka ɗauke wuta.

Washegari zazzaɓi ya kama ta. Kwana huɗu ta yi, muka rasa ta.

'Yan'uwa suka wanke kayanta suka rabar, don kada mu riƙa gani muna kuka. Rigar nan da na yanka ita kaɗai ta tsira ba a wanke ba. Ita kaɗai ke da sauran ƙamshin jikinta. Ƙyallen rigar matata take so, ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ni kuwa wata biyu ban taka shagon ba.

Babu wuta a layin gaba ɗaya. Na buɗe kwado, ƙofa ta yi ƙara. Warin man keke da na alli suka tare ni, kamar jiya na tashi. Ɗan hasken da ya rage yana shigowa ta taga. Ƙyallen yana nan a kan tebur, a ninke, yadda na bar shi. Na ɗauka na kai hanci.

Tana ciki. Sabulunta, zufar wuyanta, har da ɗan ƙamshin alewa.

Sai na ji, tak.

Tak. Tak-tak-tak-tak.

Keken surfanin ne ya tashi. Shi kuwa na wuta ne.

Kun san me na yi? Dariya. Dariyata ta farko cikin wata biyu. Na ce lallai Dogo ne ya jawo waya daga batirinsa ta ramin bango, yau ya rama. Na daki bangon da hannu.

"Dogo, ka ci! To in ka isa, ƙarasa tsuntsun mana!"

Shiru daga can. Sai a lokacin na tuna na wuce shagonsa da ƙaton kwado a ƙofa.

Kuma waya tana iya juya keke, amma ba ta iya riƙe zobe. Sai da hannu ake tuƙa shi, dama da hagu, kafin zane ya fita.

Zoben yana tafiya. Dama, hagu, dama. Babu hannu a kansa.

Fiffike na biyu ya fito. Baki. Ido.

Keken ya tsaya. Zaren ya tsinke da kansa.

A bayana teburin yanka ya yi ƙara, irin ta wanda aka hau. Sai dunduniya ta fara bugun katako a hankali. Ƙwas. Ƙwas. Haka take lilo da ƙafa in tana jira.

"Baba."

Can ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun a ji.

"Baba, gobe ta yi?"

Jama'a, ban yi karatu mai nisa ba, amma na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Na san ƙofa a buɗe take, taku huɗu ne. Na sani sarai.

Na ce, "Ta yi, Manaja."

Na ja kujera na zauna a keken ƙafa. Ban waiwaya ba. Na cire yadin daga zobe, na haɗa gefe da gefe. Na ɗinka hannuwan. Na haɗa shafin. Hawaye na zuba a kan allura, ina sharewa da kafaɗa. Ban taɓa ɗinki mai kyau irin na ranar ba, ga shi ko layin ɗinkin ba na gani sosai.

Ƙwas. Ƙwas.

Jaka mai shafi a juye ake ɗinka ta, fuska na kallon fuska. Sai a bar ɗan wuri a gindin shafin ba a ɗinke ba, kamar faɗin yatsu huɗu. Ta nan tela ke zura hannu ya kamo jakar ya juyo ta waje. Na yi haka ya fi sau dubu.

Bugun ƙafar ya tsaya.

Na zura hannun dama.

Wani hannu ya kama nawa a ciki.

Ƙarami. Da ɗumi. Yatsun suka zagaye babban yatsana, kamar in za mu tsallaka titi.

Na ce, "Manaja?"

"Zo ka gani, Baba."

Aka ja ni a hankali. Jakar nan ba ta fi taƙi ɗaya zurfi ba. Hannuna ya shige har wuyan hannu. Har gwiwar hannu. Ban taɓo gindi ba.

Wani sanyi ya fara hawowa daga ciki, da warin tsohuwar rijiya.

Ban ja baya ba. Gaskiya zan faɗa muku, ban so in ja ba. Na ce ko ina ne, in dai tana can.

Amma hali zanen dutse. Ko a nan sai da tsokanar ta motsa. Duk ranar da na riƙe hannun yarinyar nan sai na sosa mata tafin hannu da ɗan yatsa. Ba ta iya jurewa. Sai ta ƙyalƙyale ta fizge, ta ce, "Baba ka bari!"

Na sosa.

Shiru.

Na sake sosawa.

Ba dariya. Ba motsi. Tafin ma babu zane ko ɗaya, sumul kamar cikin kwano.

Sai yatsun suka fara tsawo.

Suka nannaɗe wuyan hannuna. Sau ɗaya. Sau biyu.

"Baba," in ji muryar, amma yanzu daga cikin jakar take fitowa, kuma ba ta yaro ba ce.

Aka fizge ni. Kafaɗata ta daki bakin shafin. Kuncina ya manne da ƙyallen, ƙamshinta ya cika mini hanci.

Hannun hagu ya lalubo almakashi a kan keke.

Na san abin da zan yanka. Na san babu wani ƙyallen nata bayan shi.

Na ambaci sunan Allah, na soka.

Ƙyat. Ƙyat. Ƙyat.

Wani abu ya yi ƙara kamar an taka kyanwa. Na faɗi da baya, kujera ta bi ni. Na rarrafa na fita, ban ko rufe ƙofa ba.

Sai da na kai bakin titi na ga akwai tsumma a hannuna, ɗigo-ɗigon rawaya, a jiƙe sharkaf. Na shinshina. Rijiya kawai.

A gida matata tana zaune inda na bar ta. Na ajiye tsumman a cinyarta. Ta kai hanci, ta daɗe, ta sauke. Na durƙusa na gaya mata komai, ina jiran ta ce wannan ma cikin tsokanata ne. Da ma ta faɗa.

Ta ce, "Da ya kama ka, da ɗumi?"

Na ce, "Da fari."

Ta ɗauki hannuna na dama ta riƙe da nata biyu. 

Keken surfanin na sayar da shi a satin. Hannun nan har yau sanyi ne da shi zuwa gwiwa, ko da rana tsaka. Dogo yana zuwa ya zauna, ya juya mini baya da gangan ko zan maƙala masa wani abu a riga. Ba na iyawa.

Kuma na daina ɗinka duk abin da ke da shafi. Amma kusan kullum, in rana ta yi ja, matata takan fito da wata rigarta a ninke, ta ajiye a gabana.

"Ka yi shafin da tawa, Baban Manaja. Kai dai ka ɗinka. Ni zan juya."